Bindiga mai harba 'yan rokoki: ta cikin fim ce kawai, ko za ta yi aiki?

Sadik Fagge:
Salam 'yan gida. Masu buga wasan bidiyo na Space Marine 2 sun san bindigar nan da ake kira bolter. Kowane harsashinta ƙaramar roka ce: yana fita sai ya kunna wutarsa, ya shige jikin abokin gaba, sannan ya fashe a ciki. Ni dai a ganina wannan ita ce bindigar gobe. Tunda harsashin ne ke tura kansa, babu tokarin kafaɗa, ba a buƙatar bututu mai nauyi, kuma maimakon gudunsa ya riƙa raguwa, ƙaruwa zai riƙa yi. To me ya hana sojojin duniya yin irinta? Ko dai akwai ta, ɓoyewa ake yi?

Ɗan Auta:
Haba Sadik, a wannan zamanin da muke ciki kai bindiga kake nema a ƙara wa gudu? 😂

Malam Bashir:
Wa alaikumus salam. Sadik, babu abin da aka ɓoye. An yi ta, an kai ta kasuwa, kasuwar ce ta ƙi ta.

A shekarun 1960 wani kamfani a Kalifoniya mai suna MBAssociates, na Robert Mainhardt da Art Biehl, ya fito da bindigar da suka kira Gyrojet. Akwai ƙarama ta hannu, akwai doguwa. Harsashinta roka ce mai kaurin milimita 13, da man roka daskararre a cikinta. A gindinta akwai 'yan ƙofofi da aka huda a karkace, ta yadda hayaƙin da ke fita zai tura ta gaba kuma ya riƙa juya ta kamar katantanwa, don kada ta yi tangaɗi a hanya.

Duk abin da ka lissafa ta cika shi. Ba ta tokari sai kaɗan. Ba ta da nauyi, domin bututunta ba ya ɗaukar matsi, har huji-huji aka yi masa don hayaƙi ya fice. Ka kwatanta da AK-47, wadda matsin da ke cikinta lokacin harbi ya haura ninki 3,000 na matsin iskar da muke zaune a ciki, dole a yi ta da ƙarfe na gaske. Akwai ma wata dabara da take burge ni a Gyrojet: hamarta a gaban harsashin take, tana dukansa ta hanci ya koma baya ya daki allurar da ke tsaye, idan ya kama wuta ya taho gaba sai ya kwantar da hamar a kan hanyarsa, ta ɗanu da kanta don harbi na gaba.

An saka ta a fim ɗin James Bond na 1967, You Only Live Twice. An kai 'yan kaɗan Biyetnam aka gwada. Daga nan labarinta ya mutu. Yau sai dai a hannun masu tara kayan tarihi, kuma harsashinta ya yi tsadar da mai ita ma ba ya son harbawa.

Sadik Fagge:
Allah ya saka da alheri Malam. To amma ai wannan fasahar shekara sittin baya ce. Waya ma a lokacin ai ba a sa ta a aljihu.

Malam Bashir:
Ba tsufan fasaha ne ya kashe ta ba. Ɗauko biro mu yi lissafi.

Rokar Gyrojet tana kaiwa kimanin mita 380 a sakan ɗaya idan manta ya ƙone duka, kuma ƙonewar tana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan. Mu ɗauka turin bai canzawa daga farko zuwa ƙarshe, don lissafin ya yi sauƙi. Ke nan sai ta yi tafiyar kusan mita 19 kafin ta cika gudunta. Tsawon bututun ƙaramar bindiga kuwa bai wuce santimita 13 ba. A wannan ɗan tsakanin gudun da za ta samu wajen mita 31 ne kawai a sakan. Mai tsaron raga idan ya buga ƙwallo da ƙarfi tana kaiwa nan.

Ƙarfin dukanta kuwa yana ƙaruwa ne daidai da nisan da ta ci. A mita 2 tana da kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinta. A mita 10, rabi. Idan ta cika, ta fi harsashin ƙaramar bindiga ta milimita 9 ƙarfi nesa ba kusa ba. To amma wa yake ɗaukar ƙaramar bindiga don faɗan mita 19? Ana riƙe ta ne don wanda ya riga ya iso kanka. Wato a inda aka fi buƙatarta, a nan ta fi rauni.

Ɗan Auta:
Na taɓa ji an ce idan ka toshe bakinta da yatsa harsashin ba zai fito ba.

Malam Bashir:
Ana faɗa. Ko da ya tsaya, wutar rokar za ta ci gaba da ci a jikin hannunka. Ba na ba ka shawara.

Musa Damagaram:
Gaisuwa ga Malam. Ni a wurina matsalar rauni a kusa ƙarama ce, domin ana iya gyara ta. Wadda ba ta gyaruwa cikin sauƙi ita ce ta saiti, kuma daga cikin lissafin Malam ɗin nan take fitowa.

Harsashin AK yana samun gudunsa gaba ɗaya, wajen mita 715 a sakan, yana cikin bututu. Duk lokacin da ake tura shi, ƙarfe ya kewaye shi ta kowane gefe, ba shi da wurin zuwa sai gaba. Zanen da ke murɗe a cikin bututun kuma yana sa ya fito yana juyi kusan sau 3,000 a sakan. Yana fita an gama da shi, abin da ya rage iska ce da nauyinsa.

Roka kuwa santimita 13 kawai aka raka ta cikin mita 19. Fiye da kashi 99 cikin ɗari na turin da za a yi mata, a fili za a yi shi, babu abin da ke riƙe da ita. Kuma da yake hayaƙin ne ke juya ta, lokacin da take fita daga bakin bindiga, lokacin da ta fi rashin gudu, a lokacin ne kuma juyin nata bai kankama ba. Idan ta ɗan sunkuyar da hanci a nan, injinta zai ɗauki wannan ɗan kuskuren ya tura ta da dukkan ƙarfinsa ta inda hancin ya kalla. Idan ƙofa ɗaya cikin ƙofofin gindinta ta fi 'yar'uwarta faɗi da kaurin gashi, ko man ya fi ci ta gefe guda, haka nan. A harsashi na yau da kullum ƙaramin aibi yana zama ƙarami. A roka injin ne ke renonsa har ya girma.

Shi ya sa kowace roka sai an yi mata aikin injiniya na tsanaki, alhali abu ne da za a harba sau ɗaya a yar. An rage wa bindiga tsada an ɗora wa harsashi. Bindiga kuwa sau ɗaya kake saye, harsashi kullum.

Baba Sajan:
Yarana kun yi ta lissafi, bari in faɗa muku abin da ido ya gani. Ni ban taɓa ganin wannan Gyrojet ɗin ba, amma RPG, rokar nan da ake harbawa daga kafaɗa, na san ta. Abu na farko da ake koya maka shi ne ka waiga bayanka kafin ka taɓa kunama. Wutar da ke fita ta baya tana iya kashe mutum, kuma idan bango na kusa da kai za ta dawo kanka. Duk wanda ya ce roka ba ta tokari, to tokarin ne aka mayar wa na bayanka.

Na biyu, iska. Harsashin bindiga idan iska ta taso daga dama, hagu take kai shi, kowa ya san wannan. RPG kuwa muddin injinta na ci, cikin iskar take shiga. Iska daga dama, ita ma dama za ta karkata. Sabon yaro sai ya gyara saiti irin na bindiga, ya ga abu ya tafi wani wuri daban, ya tsaya yana kallon bututun kamar shi ya yi masa laifi.

Musa Damagaram:
Ranka ya daɗe Baba, ka kawo shaidar da nake nema. Fukafukan da ke wutsiyarta ne iska ke turawa, sai hanci ya juyo ya fuskanci iskar, injin kuma ya bi hanci.

Kuma ku lura da yadda 'yan Tarayyar Sobiyet suka tsara RPG-7, wadda suka fara aiki da ita a 1961. Ba su bar rokar ta taso da kanta daga tsaye ba. Akwai wani albarushi daban da ke cillo ta daga bututu da gudun wajen mita 115 a sakan, sai ta yi kamar mita 10 sannan injinta ya kama, ya kai ta kusa da 300. Sun yi haka don wutar kada ta ƙone fuskar mai harbi, kuma don ta fito da gudun da zai riƙe ta a hanya.

Sadik Fagge:
Yauwa! Ai haka bolter take. A labarin Warhammer 40,000, wanda aka gina wasan a kansa, bayanin da aka fi bayarwa shi ne akwai ɗan albarushi da ke fito da harsashin, sannan rokar ta karɓa. Shi ya sa ma a wasan kake ganin kwanso na zuba. Ke nan sun warware matsalar Malam.

Malam Bashir:
Sun warware ta, amma duba da me suka biya. Da zarar ka ce albarushi zai cillo harsashin da ƙarfin da zai yi kisa tun daga bakin bindiga, to ka dawo da matsi, ka dawo da bututu mai kauri, ka dawo da tokari. Kuma harsashin bolter kaurinsa kusan milimita 19 ne. Abubuwa uku da ka yaba a saƙonka na farko, biyu sun tafi. An gudu ba a tsira ba.

A yi wa Games Workshop, kamfanin da ya fito da Warhammer 40,000 a 1987, adalci, ba su ce mutum irina da kai ne zai riƙe ta cikin jin daɗi ba. Ƙattai suka ba wa, waɗanda suka haura mita biyu, cikin sulke mai inji. A cikin dokokin duniyarsu abin ya zauna daidai.

Sadik Fagge:
Amma har yanzu saura na ukun Malam, ƙaruwar gudu.

Malam Bashir:
Shi ma ba kyauta ba ne. Akwai lissafin da masanin Rasha Tsiolkovsky ya wallafa a 1903, wanda har yau da shi ake auna kowace roka. Mu yi wa ƙaramar rokarmu alfarma mu ce hayaƙinta na fita da gudun mita 2,000 a sakan. Idan kana son giram 8 ya kai gudun harsashin AK, sai ka ƙona mai wajen giram 3 da rabi. AK tana yin wannan aikin da albarushin da bai kai giram 2 ba. Dalili kuwa, a cikin bututu hayaƙin a tsare yake a bayan harsashi yana ta tura shi, a roka kuwa yawancin ƙarfin yana tafiya ne tare da hayaƙin da aka watsar baya. Sannan daga cikin giram 8 ɗin nan na roka, wani kaso gwangwanin inji ne wanda ya zama fanko.

Roka tana fara cin riba ne idan abin da za a aika ya yi nauyin da kafaɗar mutum ba za ta jure cillo shi ba, ko nisan ya wuce abin da bututu zai iya. Shi ya sa ake samun ta a RPG, ake kuma ƙara ta a gindin wasu harsasan igwa na milimita 155 don su kai wajen kilomita 30. Ko a can ɗin ma an san ana sayen nisa ne da ɗan abin da aka rage na daidaiton saiti.

Maman Ilham:
Sannunku da ƙoƙari malamai. Ni marubuciya ce, kuma ina bin wannan zancen ne da wata manufa. Ina da labarin da ya faru a cikin kumbo, babu nauyi, kowa na shawagi. Na so in ba jarumata irin wannan bindigar, saboda na ɗauka bindigar gargajiya ba za ta tashi a sararin samaniya ba tunda babu iska, kuma ko ta tashi za ta wurga mai harbin baya. Na yi daidai?

Musa Damagaram:
Hajiya, na farkon ki cire shi. Albarushi yana ɗauke da okisijin ɗinsa a jikinsa, ba ya jiran iskar waje. Har na bindigar toka da 'yan bindigar sarki ke ɗurawa ranar hawa haka yake. Sobiyet ma sun ɗaura wa tasharsu ta sararin samaniya mai suna Salyut 3 igwa ƙarama, suka gwada harba ta a sama a watan Janairun 1975, babu kowa a ciki. Sai an juya tashar gaba ɗaya ake saita ta.

Na biyun kuma fina-finai sun zuzuta shi. Ɗan sama jannati da kayansa, a ce kilo 150, idan ya harba AK sau ɗaya zai koma baya da gudun santimita 4 zuwa 5 ne a sakan. Ba wurgi ba ne, sulalewa ce a hankali. Abin da zai dame shi shi ne juyawa, domin kafaɗa tana sama da tsakiyar nauyin jiki, kowane harbi zai riƙa kifar da shi ta baya kaɗan-kaɗan, kuma babu ƙasar da zai taka ya tsaya. A nan bindigar roka tana da hujja ta gaske.

Akwai hujja ta biyu da ba a cika kawowa ba: zafi. A inda babu iska bututu ba ya hucewa da wuri. Roka kuwa yawancin wutarta a waje take ci, ta tafi da zafinta.

Maman Ilham:
To ke nan in bar mata ita.

Malam Bashir:
Ki bar mata, amma a wajen kumbo. A can babu iskar da za ta karkatar da ita irin yadda Baba ya faɗa, juyin da take yi yana aiki ko babu iska, kuma faɗan daga nesa ne. A cikin kumbo kuwa ki yi tunanin lungun da bai fi mita 4 ko 5 ba tsakaninta da mugun. Rokar za ta same shi da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinta, idan yana da sulke ya tsira. Idan kuma ta kuskure shi, za ta ci gaba da ƙara gudu har ƙarshen lungun, ta isa bangon kumbon a daidai lokacin da ta cika ƙarfi. Ga hayaƙin roka a ɗakin da iskarsa ita ce kowa ke shaƙa ana sake tacewa.

Ni da ni ne ke rubutun, wannan aibin zan mayar labari. Mugun da ya san bindigar ba gudu zai yi ba, rugowa zai yi ya rungume ta. Ita kuma dole ta riƙa neman tazara kafin ta harba.

Maman Ilham:
Kai Malam, wallahi ka ba ni babi guda. Na gode ƙwarai.

Barista Zainab:
Ku ba ni dama in sako doka, tunda Sadik ya tambayi abin da ya hana sojoji. Ita Gyrojet doka ta taɓa ta kai tsaye: dokar bindigogi ta Amurka ta 1968 ta sanya duk makamin da faɗin bakinsa ya wuce rabin inci, wato milimita 12.7, cikin rukunin da ake tsananta wa. Dole kamfanin ya rage ta daga 13 zuwa 12.

Ita kuma bolter, ba rokar ce za ta fara jawo mata magana ba, fashewar ce. Tun 1868 aka yi yarjejeniyar Saint Petersburg da ta hana amfani da harsashi mai fashewa wanda nauyinsa bai kai giram 400 ba a tsakanin ƙasashen da suka sa hannu. Yau ana amfani da ƙananan harsasai masu fashewa a kan motoci da jirage, amma wanda aka ƙera musamman don ya fashe a cikin jikin mutum har yanzu haramtacce ne a dokar yaƙi. Bolter kuwa aikinta ke nan.

Ɗan Auta:
Barista, waɗanda suke harbi a wasan nan fa ba mutane ba ne, wasu ƙwari ne masu girman mota. Su ma sun sa hannu? 😅

Barista Zainab:
Idan sun kawo ƙara zan karɓa.

Sadik Fagge:
Ni fa ban sallama ba tukuna. Duk matsalar saitin da Injiniya Musa ya kawo ta dogara ne a kan cewa rokar makauniya ce. Yanzu kwamfuta ta ƙanƙance. Idan aka sa mata ido da abin juya kanta, duk kuskuren da ta yi a farko za ta gyara a hanya.

Musa Damagaram:
A nan kam ka taka gaskiya, kuma nan ne kaɗai nake ganin tunanin zai iya dawowa. Amma duba abin da aka yi a zahiri. Hukumar DARPA ta Amurka, mai binciken fasahar soja, ta nuna gwajin EXACTO a 2014 da 2015, harsashi mai kaurin milimita 12.7 da ke canza hanya yana cikin tafiya. Ba roka ba ce, daga bindiga mai bututu aka harba shi. Da suka samu hanyar sa wa harsashi ido, ba su ga dalilin ƙara masa inji ba, domin inji zai cinye wurin da idon da batirinsa za su zauna.

Wanda ya haɗa roka da ido shi ne Pike na kamfanin Raytheon, da aka nuna a 2015. Kaurinsa milimita 40, yana bin hasken lesa, yana kaiwa wajen kilomita 2, kuma shi ma sai an cillo shi daga bututu kafin injinsa ya kama. Wannan makami mai linzami ne ƙarami, soja zai ɗauki 'yan ƙwarori ya lallaɓa su. Ba abin da za ka cika gidan harsashi da shi ka riƙa feshi kamar a wasan ba ne.

Baba Sajan:
Kuma ku tuna yawancin harsashin da ake harbawa a fagen fama ba ya samun kowa. Ana harba shi ne don na can ya kasa ɗago kai, naka su samu su matsa. Wannan aikin harsashi mai arha yake so, mai yawa, wanda zai kwana cikin damina da ƙura ya tashi. Roka mai ƙofofi a gindi, danshi ya shiga, ƙasa ta toshe ɗaya, ka ja kunama ta tsaya tana huci a cikin bututu, kai kuma ba ka san ko za ta tashi ba ko ba za ta tashi ba. Ni dai a ba ni wadda na sani.

Sadik Fagge:
To Baba idan abokin gaban yana sanye da sulken da harsashin AK ba ya hudawa fa? Ai a labarin dalilin ke nan.

Malam Bashir:
To sai ka tambayi me ke huda sulke. Ko dai gudu mai tsanani da tsinin ƙarfe mai tauri, wanda bututu ya fi roka iya bayarwa a wannan girman, ko kuma irin kan RPG, wanda fashewarsa ke matse ƙarfe ya zama siririn tsinke ya huda. Shi wannan na biyun bai damu da gudun da ya iso da shi ba, shi ya sa ya dace da roka. Amma zurfin hudarsa yana tafiya ne da faɗin kansa, kan RPG-7 na asali milimita 85 ne. Ka matse shi zuwa 19, ka ware wa inji wurinsa, ka ware wa abin tayar da fashewar nasa, sai ka ga abin da ya rage.

Musa Damagaram:
Zan zana shi a sikeli in turo da daddare, milimita 19 da komai a ciki. Sadik, kai kuma ka nemo mana tsawon harsashin bolter ɗin a littattafansu, don kada in zalunce shi a zanen.